Me ya sa Katsina da Legas suke ƙasa ɗaya, Katsina da Maraɗi kuwa ƙasa biyu?



Ranar nan cikin shirinmu na dare muna maganar tsadar kaya da wahalar ƙetare iyaka, sai wani dattijo ya kira daga wajajen Madarunfa. Ya ce: "Ɗana, ni tambaya ɗaya gare ni. Ɗiyata tana aure a Jibiya. In na tashi da safe, kafin azahar na je na gan ta na dawo. Amma an ce ita tana wata ƙasa, ni ina wata. Ita kuwa da mutumin Legas, wanda ba ta jin harshensa, ba ta taɓa ganin garinsa ba, ƙasarsu ɗaya. To wa ya yi wannan lissafin?"

Na ce masa, "Baba, ai Turawa ne." Lokaci ya ƙure, muka rufe shiri. Wallahi har na isa gida amsar nan tana damuna, domin amsar ragwanci ce. Kowa ya san Turawa ne. Abin da Baba yake son sani shi ne dalili. Da na zauna na sake bin tarihin, sai na ga ashe shi da kansa ya faɗi amsar cikin tambayarsa: lissafi. Lissafin kuɗi da na hanya ne ya haɗa Najeriya ta zama ƙasa ɗaya a 1914. Irin lissafin nan ne kuma ya wargaza babbar ƙasar da mu muke cikinta a zamanin Faransawa. Tunda yau ma ana ta maganar haɗewar ƙasashe a yankinmu, na ga ya dace mu tattauna.

Mu fara da maƙwabta. A shekarar 1900 babu wata ƙasa guda mai suna Najeriya a ƙarƙashin gwamna ɗaya. Yankuna uku ne Ingila take riƙe da su, kowanne da nasa shugaba, da nasa baitulmali, da nasa dokoki. Akwai Legas, wadda suka kama tun 1861. Akwai yankin Kudu. Akwai yankin Arewa, wanda aka damƙa wa Frederick Lugard, wanda kakanninmu suke kira Lugga. Lokacin ma Arewar a takarda kawai take hannunsa, domin sai a 1903 sojojinsa suka ci Kano da Sakkwato. A 1906 aka haɗa Legas da Kudu, suka koma yanki biyu. Ma'aikacin Arewa a Zungeru da na Kudu a Legas, dukansu Turawan Ingila ne, amma kamar ma'aikatan ƙasashe biyu suke. Kowa yana aika rahotonsa Landan, kowa yana jan ruwa zuwa gonarsa.

Matsalar Arewa ita ce kuɗi. Ku lura da kyau, ban ce mutanen Arewa matalauta ba ne. Kano tana da masaƙa da marina da majema, fatakenta suna kaiwa har Gwanja da Tarabulus. Gwamnatin Turawa ta Arewa ce ba ta da kuɗi. A wancan zamani babbar hanyar da gwamnatin mulkin mallaka take samun kuɗi ita ce duwan, wato kuɗin fiton kayan da ke shigowa ta teku. Arewa kuwa ba ta da teku. Duk kayan da za a kai Zariya ko Kano ta bakin ruwan Kudu suke shigowa, can ake karɓe kuɗin fito, Arewa sai ɗan kason da aka yanka mata. Ga ƙasa mai faɗi, ga sojoji da za a ciyar, ga barikoki da za a gina. Harajin da ake karɓa ta hannun sarakuna bai isa ba. Saboda haka kowace shekara sai baitulmalin Ingila ya cika giɓin da kusan fam dubu 300. Ƙa'idar Landan kuwa ita ce kowace ƙasar da aka mallaka ta ɗauki nauyin kanta. Ba su zo don su ciyar da kowa ba.

Kudu kuma kuɗi har ya yi saura. Manja da ƙwarar manja suna fita, koko ya fara tasowa, jiragen ruwa suna sauke kaya a Legas da sauran tashoshi. Kuma ga wani abin mamaki da ba a cika faɗa ba: kaso mafi tsoka na kuɗin duwan ɗin nan daga barasar Turai yake fitowa. Gab da 1914 harajin barasa kaɗai ya haura fam miliyan 1 a shekara. Arewa kuwa an hana shigar da wannan barasa. Kun ga ke nan, yankin da ba a sayar da ita a cikinsa, da kuɗinta aka yi niyyar toshe giɓinsa. Duk wanda ya ce maka ƙaunar haɗin kan baƙar fata ce ta sa Bature ya haɗa Najeriya, ka tuna masa da wannan.

Su kansu ba su ɓoye ba. Tun 1898 wani kwamiti a Landan ya ba da shawarar cewa wata rana a haɗa yankunan. Ministan ƙasashen mallaka na lokacin haɗewar, Lewis Harcourt, wanda aka sa wa garin Fatakwal sunansa, ya kwatanta abin da aure: saurayi mai ladabi da aka gaji da ciyarwa, za a aura masa mace mai dukiya. A 1912 aka dawo da Lugga daga Hong Kong aka ba shi yankunan biyu gaba ɗaya. Ranar 1 ga Janairun 1914 aka ɗaura auren, baitulmali ya zama ɗaya, Lugga ya zama gwamna janar.

Dalili na biyu shi ne jirgin ƙasa, kuma wannan ya taɓa mu kai tsaye. Gwamnatin Kudu ta ja layin dogo daga Legas, ya isa Ibadan a 1901, ya kai Jebba a bakin kogin Kwara a 1909. Gwamnatin Arewa ita ma ta ce sai ta yi nata. Gwamnanta na lokacin, Percy Girouard, injiniyan jirgin ƙasa ne, ya fara ja daga Baro a bakin kogi, layin ya shiga Kano a 1911. Nufinsu kayan Arewa su sauka Baro, a zuba su cikin jirgin ruwa su bi kogi zuwa teku, ba sai sun bi ta Legas ba. To ga layi biyu na maigida ɗaya suna kishi da juna a kan kaya ɗaya, ga bashin gina su yana jiran biya. Landan ta ga wannan ɓarna ce. Aka haɗa layukan a Minna, aka mayar da hukumar jirgin ta zama ɗaya a 1912, tun kafin a haɗa gwamnatocin. Wato dogo ya riga siyasa haɗewa.

Turawa sun ja layin nan ne suna kwaɗayin kaɗa, don masaƙun Ingila. Manoman ƙasar Kano da ƴan kasuwarta suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, gujiya ke nan kamar yadda muke cewa a nan. Daga 1912 gujiya ta cika tashar Kano. Daga baya layin ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, duka biyun a gab da iyakarmu. Ku tambayi tsofaffin Maraɗi, Tasawa, Magarya da Matamai ina gujiyarsu take zuwa. Raƙuma da jakuna kudu suke dosa. Sai a shekarun 1950 Faransawa suka shirya jigilar da za ta karkatar da wani ɓangare zuwa Parakou da Kwatano, don kada amfanin ya tafi wa Ingilishi. Da zarar manomin Kano ya saba sayar da amfaninsa ga jirgin da ke zuwa Legas, ya riga ya ɗaure da Legas, ko yana son mutanenta ko ba ya so.

Akwai dalilan siyasa ma. Faransa ta kewaye yankunan ta yamma da arewa, Jamus tana Kamaru ta gabas. Gwamna ɗaya da rundunar soja ɗaya sun fi sauƙin sarrafawa a kan gwamnoni biyu masu jayayya. An haɗa rundunonin Arewa da Kudu a 1914, kuma wata bakwai bayan haɗewar yaƙin duniya na farko ya ɓarke, aka tura su Kamaru. Shi ma Lugga yana da nasa buri: yana son salon mulkinsa na Arewa, wato mulki ta hannun sarakuna, ya game ƙasar duka.

Abin da ba a yi ba shi ne haɗa mutane. An bar Arewa da nata mataimakin gwamna, Kudu da nata. Makarantun mishan sun cika Kudu, a masarautun Arewa an taƙaita su. Mutanen Kudu da aikin jirgi da na kanti ya kawo Kano, aka ware musu Sabon Gari a wajen ganuwa. Wasu daga cikin Turawan ma sun ba da shawarar a raba ƙasar zuwa larduna da yawa don kada gida biyu su tsaya suna hararar juna, Lugga ya ƙi. Babu wanda ya tambayi Sarkin Musulmi, ko Alafin na Oyo, ko ɗan kasuwar Onitsha, balle manomi. Sai a 1947 wakilan Arewa da na Kudu suka fara zama cikin majalisar dokoki ɗaya. Shekara 33 ana cin tukunya ɗaya, ba a taɓa zama tabarma ɗaya ba.

Sakamakon ya biyo baya. A 1953 aka yi taƙaddama a majalisa kan lokacin karɓar mulkin kai, aka yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Legas, Sardauna Ahmadu Bello da bakinsa ya kira haɗewar 1914 kuskure, kuma cikin watan Mayu aka yi tarzoma a Kano, mutane da dama suka mutu. Aka koma tsarin tarayya a 1954 don kowane yanki ya riƙe nasa. Aka gano man fetur a Oloibiri a 1956, tambayar nan ta "kuɗin wa ake ci?" ta dawo da sabon ƙarfi. Daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970 aka yi yaƙin basasa, rayukan da suka salwanta Allah kaɗai ya san iyakarsu. Har yau kowane wata wakilan gwamnatin tarayya da na jihohi 36 suna zama su raba kuɗin asusun tarayya, kuma tsarin mulkin 1999 ya ware aƙalla kashi 13 cikin 100 na kuɗin albarkatun ƙasa ga jihohin da aka haƙo su. Maganar da Turawa suka yanke cikin ofis ba tare da shawara ba, ƴan Najeriya sun fi shekara 100 suna warware ta.

To ina Maraɗi cikin wannan duka? Sarkinmu har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, na Tsibiri kuma Sarkin Gobir. Daga Maraɗi zuwa Katsina bai kai kilomita 100 ba. A yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka yi a 1898, an ɗora tsinken awo a kan Sakkwato aka zana da'ira mai nisan mil 100, kuma bisa wannan zane Ƙonni da Maraɗi ɓangaren Ingilishi suka faɗa. Faransawa suka koka cewa an bar su da hanya marar rijiyoyi tsakanin kogi da Damagaram, ayarinsu ba ya iya wucewa. A 1904 aka sake zama. Faransa ta saki wani tsohon haƙƙin kamun kifi da take da shi a gaɓar Newfoundland, can gefen Kanada, Ingila kuma ta yarda a turo iyakar nan kudu, tare da wasu ƴan wurare a Gambiya da gaɓar Gine. Aka ƙara gyara a 1906, sannan aka bi daji ana kafa alamu. Baba na Madarunfa, ka ji yadda aka raba ka da ɗiyarka: rijiyoyin ayarin soja da kifin wani teku da ba ka taɓa jin sunansa ba.

Yanzu mu juyo gida. A lakwal mushenmu na tarihi ya sa mun haddace sunayen yankuna takwas na AOF, wato Afirka ta Yamma ta Faransa: Senegal, Muritaniya, Sudan ta Faransa wadda ita ce Mali ta yau, Gine, Kwaddibuwa, Haute-Volta wadda ita ce Burkina Faso, Dahome wadda ita ce Benin, sai Nijar. Mun haddace don jarrabawa, ba mu tambayi abin da ya haɗa su ba. An kafa AOF a 1895, kuma daga 1904 kuɗin duwan na yankunan duka Dakar ake kai shi, cikin babban kasafi ɗaya. Daga can ake biyan manyan ayyuka, ana tallafa wa yankunan da lanho bai ishe su ba. Dabarar Lugga ce sak: na bakin teku su ɗauki na tudu, Paris ta huta. Har a 1932, da suka ga Haute-Volta ba ta biya musu buƙata, sai suka soke ta ɗungurungum suka raba wa maƙwabta. Dori da Fada N'Gourma suka zama Nijar har 1947, lokacin da aka maido da ita. Haka ake ɗinke ƙasa a farke ta kamar riga, gwargwadon abin da littafin kuɗi ya nuna.

Da mulkin kai ya matso, tambaya ta taso: a karɓi ƴanci a dunƙule, ko kowa da nasa? Dokar da ake kira loi-cadre ta 1956 ta ba kowane yanki gwamnatinsa, ta rage wa Dakar ƙarfi. Senghor na Senegal ya yi ta gargaɗi cewa wannan daddatsa Afirka ne. Houphouët-Boigny kuwa ya tsaya kai da fata. Kwaddibuwa mai kofi da koko ita ce ta fi kowa zuba kuɗi cikin babban kasafin, kuma ya ce ba za ta ci gaba da zama saniyar tatsa ba. Faransa ma ƙananan ƙasashe sun fi mata daɗin sha'ani. A nan Nijar Djibo Bakary da Sawaba suna cikin masu son a tsaya tare, suka nemi a ce a'a a ƙuri'ar 28 ga Satumban 1958, ba su yi nasara ba. AOF ta watse.

An gwada ceto abin da ya rage. A Janairun 1959 yankuna huɗu suka amince a Dakar su kafa Tarayyar Mali: Senegal, Sudan, Haute-Volta da Dahome. Kafin a je ko'ina biyu suka janye. Jirgin ƙasan Wagadugu Abijan yake zuwa, matasan Haute-Volta a gonakin Kwaddibuwa suke ci rani, Dahome kuma tana jiran a gina mata tashar jirgin ruwa a Kwatano. Suka bi inda abincinsu yake, suka shiga Conseil de l'Entente tare da Kwaddibuwa da Nijar a watan Mayun 1959. Biyun da suka rage suka karɓi ƴanci tare ranar 20 ga Yunin 1960, suka rabu ranar 20 ga Agusta. Wata biyu cur. Rigimar muƙamai da ta ikon soja ce ta raba su, kuma bayan rabuwar aka rufe jirgin ƙasan Dakar zuwa Bamako har 1963. Talakan da ke kan layin shi ya ji a jikinsa.

Ku dubi abin da kyau. A Najeriya mai kuɗi bai samu damar cewa a'a ba, domin ba a tambaye shi ba, sai aka haɗe. A AOF an ba mai kuɗi damar magana, ya ce a'a, sai aka rabu. Tambayar ɗaya ce a wuraren biyu: wa ke karɓar kuɗin fito, wa ke riƙe da hanyar teku, yaya za a raba?

Na san wani zai ce, "Kai malam, ka mayar da komai kuɗi. Ina addini, ina harshe, ina zumunta?" Suna nan, kuma su ne suka sa iyakar nan ta kusan kilomita 1.500 ba ta taɓa shiga zukatanmu ba. Amma da harshe da addini ne suke yin ƙasa, da Maraɗi da Katsina ba su rabu ba, da Senegal da Mali, masu addini ɗaya da layin dogo ɗaya, ba su watse cikin wata biyu ba. Wani kuma zai ce wancan aikin Turawa ne, mu in za mu haɗu da zuciya ɗaya za mu haɗu. To ai Tarayyar Mali ba Bature ya kafa ta ba. Senghor da Modibo Keita ne, kuma babu mai shakkar kishinsu. Sun fara da tuta da taken ƙasa, suka bar maganar rabon iko a baya, ita ce ta ci su.

Ni ra'ayina, haɗewa tana da amfani, kuma Najeriya da duk wahalarta hujja ce. Ɗan kasuwar Kano yana kai kayansa Legas ko Fatakwal ba tare da ya ƙetare iyakar kowa ba. Mu kuwa kowace hanyar teku a hannun wani take. Mun gani daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 da Najeriya ta rufe iyakarta, kasuwar Maraɗi ta yi sanyi. Mun gani bayan 26 ga Yulin 2023, da takunkumin CEDEAO ya zo, aka yanke wuta, magani da abinci suka yi tsada. Wanda ya rayu cikin waɗannan watanni ba ya buƙatar a yi masa lacca kan illar zama ƙaramar ƙasa marar teku.

Shi ya sa nake bin maganar AES da kunne biyu. An sa hannu kan yarjejeniyar Liptako-Gourma ranar 16 ga Satumban 2023, aka kafa haɗakar ƙasashen uku a Yamai ranar 6 ga Yulin 2024, aka fita daga CEDEAO a Janairun 2025. Dalilin tsaro a fili yake, domin ƴan bindigar da ke yankin iyakoki uku ba sa tambayar fasfo. A Maris 2025 kuma aka amince da harajin kashi 0,5 cikin 100 a kan kayan da ake shigowa da su daga waje, don asusun haɗakar. Wannan ya nuna shugabannin sun san cewa haɗewa ba ta tafiya sai da tukunya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, saboda haka ga tambayoyin da tarihin nan ya sa nake yi.

Ta farko, rabo. Nijar tana da uraniyom da man fetur, Mali da Burkina suna da zinariya da kaɗa. In tafiya ta yi nisa har aka kai ga baitulmali ɗaya, nawa kowa zai zuba, nawa zai ɗauka, kuma wa zai duba littafin? A rubuta shi tun ana dariya. Ranar da farashin zinariya ya tashi na mai ya faɗi, ko akasin haka, wani zai fara jin kansa saniyar tatsa, kamar yadda aka ji a Abijan.

Ta biyu, hanya. Lugga ya haɗa marar teku da mai teku. Mu uku ne, kuma dukanmu babu mai teku. Man Agadem ta bututun da ya ƙare a gaɓar Benin yake fita. Kayanmu ta tashoshin wasu suke shigowa. Duk ƙarfin haɗakar, dole a zauna lafiya da masu bakin ruwa. Mu nan Maraɗi da Damagaram da Tawa, Kano da Sakkwato da Katsina ne kasuwanninmu na kullum. Kano ta fi Yamai kusa da Maraɗi, balle Bamako. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, in Allah ya sa ya kammala, zai ƙara ɗaure mu da kudu kamar yadda na 1911 ya ɗaure Kano da Legas. Haɗewa da yamma kada ta zama juya wa kudu baya.

Ta uku, shawara. A tambayi mutane. Ɗan kasuwar albasa na Galmi, makiyayin Abalak, mai ɗaukar kaya a Ɗan Isa, matar da ke sayar da ƙuli-ƙuli a Matamai, su ne za su zauna cikin gidan da ake ginawa. A yi musu bayani da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci, a gidajen rediyo da dandali, su ji abin da za su samu da abin da za su bari. Kuskuren 1914, in akwai shi, a nan yake: an haɗa asusu, an bar masu asusun ba su san juna ba har shekara 33.

Baba na Madarunfa, in wani jikanka ya karanta maka wannan, ka yi mini afuwa kan gajeriyar amsar da na ba ka. Waɗanda suka yi lissafin farko sun yi shi don aljihunsu, kuma ba su nan. Wanda ake yi yanzu muna raye ake yin sa, kuma muna da bakin tambaya.

Ku kuma ƴan uwa, ina jiran naku. Musamman waɗanda kakanninsu suka yi fataucin gujiya zuwa Kano ko Ƙauran Namoda, ku ba mu labarin da kuka ji daga bakinsu, za mu karanta wasu cikin shiri mai zuwa in Allah ya kai mu. A yi muhawara cikin mutunci, banda zagi.

Allah ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, ya sa damina ta yi albarka.